Tarihin Rarraba Ɗalibai Bisa Hazaƙa a Makarantun Sakandare na Karkarar Kano

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare biyu na musamman domin koyar da kimiyya, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya kuma a Dawakin Tofa, a tsakiyar ƙasar noma da ke arewa maso yammacin birnin Kano. Ba a shiga waɗannan makarantu kai tsaye daga firamare. Sai yaro ya yi shekara biyu a wata sakandaren, ya zauna wata jarrabawa ta musamman, in ya ci, sa'an nan a ɗauke shi daga cikin abokan karatunsa a kai shi can ya ƙarasa shekaru ukun da suka rage masa. Wannan mataki ya tayar da wata tambaya wadda har yanzu ba ta kwanta ba a tsakanin malamai da masu tsara harkokin ilmi, watau: shin adalci shi ne a tsince masu kaifin ƙwaƙwalwa a ware su wuri ɗaya domin su yi gudu gwargwadon ƙarfinsu, ko kuwa a bar mai sauri da mai nawa a aji ɗaya, gaban malami ɗaya?

A cikin wannan maƙala za a bi sawun wannan tambaya a karkarar arewacin Kano, tun daga makarantar allo, zuwa zamanin Turawa, zuwa tsarin 1977 da abin da ya biyo bayansa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, adalcin kowane tsari ya rataya ne a kan abubuwa uku: lokacin da aka yi zaɓen, da abin da aka auna wajen zaɓen, da kuma abin da aka bar wa yaron da ba a zaɓa ba. Na ukun nan shi ne aka fi mantawa da shi, shi ne kuwa ya fi shafar ɗan ƙauye.

2.0 Karkara da Mutanenta

Kalmar karkara a asalin ma'anarta tana nufin ƙasar noma da ke kewaye da babban gari, wadda ake nomawa kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Dawakin Tofa da Bichi, ko hanyar Daura ta Ɗambatta, ko ya ratsa Ungogo da Minjibir da Gezawa, zai ga gona tana haɗe da gona, gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya suna tsaye a cikinsu, gidaje kuma a warwatse ko'ina. Abin da ya riƙe wannan ƙasa shi ne taki, wanda tun da daɗewa ake ɗauko shi a kan jakuna daga birni, da kuma aikin hannun iyali. Michael Mortimore na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi nazarin wannan yanki a shekarun 1960, ya nuna yana cikin wuraren noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma.

Akwai abubuwa biyu game da karkara da suka shafi batun makaranta. Na farko, gona tana raguwa. Duk sa'ad da mai gida ya rasu aka raba gado, sai gandu ya tsattsage, har a kai ga rabon da ba ya ciyar da iyali shekara guda. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da annobar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, sun ƙara tsananta wannan hali, domin sun karya amfanin gonar da manomi ke sayarwa ya sami kuɗi. Saboda haka ga yawancin 'ya'yan manoma, takardar shaidar karatu ta zama gona ta biyu. Na biyu, manoma ba ɗaya suke ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970 ta kuma buga sakamakonsa a 1977, ta nuna cewa a ƙauye ɗaya akan sami mai gonaki da yawa da mai 'yar gayauna da wanda ba shi da kome sai ƙodago. Ɗan mai hali yana iya zama a aji duk damina domin ubansa yana ɗaukar 'yan ƙodago. Ɗan talaka kuwa shi ne ɗan ƙodagon gidansu. Wannan bambanci yana rigan kowace jarrabawa isa makaranta.

3.0 Allo da Zaure

Kafin zuwan boko, Hausawa suna da nasu maganin matsalar bambancin fahimta. A makarantar allo, kolo da titibiri da gardi suna zaune wuri ɗaya, gaban malam ɗaya, amma kowa da allonsa da inda karatunsa ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani kuma ya kusa sauka. Ba a ƙara wa yaro karatu sai ya biya na jiya ya wanke allo, ba kuma a tsayar da mai sauri domin ya jira mai nawa. Daɗin daɗawa, manyan almajirai su ne ke biya wa ƙanana, saboda haka hazaƙar mai hazaƙa tana amfanin na ƙasa da shi. Haka abin yake a makarantar zaure, inda kowane ɗalibi ke zuwa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, malam yana bi da bi, kowa yana sauraren karatun ɗan'uwansa.

Ba za a ce wannan tsari ba shi da nasa rashin daidaito ba. Ɗan gidan malamai ya fi ɗan manomi samun lokaci da littattafai, 'ya'ya mata kuma sukan bar karatu da wuri saboda aure. Amma akwai abu guda da ya kamata a lura da shi: babu wata rana da aka tsayar wadda in ta wuce ƙofa ta rufe. Mutum yana iya sauka yana ɗan shekara goma sha biyu, yana kuma iya sauka yana da furfura. An haɗa mutane a wurin zama, an raba su a wajen darasi. Makarantar boko ta zo da akasin haka: ta tara yara aji-aji, ta ba su darasi ɗaya a lokaci ɗaya, sa'an nan ta sa jarrabawa a ƙarshen shekara. Daga ranar da aka ce yara arba'in su yi tafiya ɗaya, dole tambayar wa zai zauna da wa ta taso.

4.0 Rariyar Turawa

Makarantar boko ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Kano, wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, a rarrabe ta fara. Akwai sashen 'ya'yan sarakuna, da sashen malamai, da sashen koyon sana'a. Ma'aunin farko ke nan, kuma asali ya auna, domin manufar ita ce a sami waɗanda za su riƙe mulkin En'e da waɗanda za su yi masa aikin ofis da na hannu.

Bayan an kafa Kwalejin Katsina a 1921, aka kuma tsara makarantun Midil a manyan garuruwan larduna a wajejen 1930, sai tsarin ya zama tsani mai ƙunci. Yaro zai fara elemantare a garin hakimi, 'yan kaɗan su wuce Midil a Kano, daga cikinsu kuma a tsinci ƙalilan zuwa Kwaleji, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka hau wannan tsani, daga Midil ta Kano zuwa Kwalejin Kaduna. A irin wannan tsari ba a bukatar a raba ɗalibai a cikin aji, domin an riga an tankaɗe su sau biyu ko uku kafin su iso.

A karkara, rariyar farko ta yi aiki a baibai na ɗan lokaci. In aka nemi yara, hakimi zai ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa. Da yake jama'a suna ƙyamar boko, masu hali da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu, sai a kama 'ya'yan barori da na marasa gata a cika adadi. Da aka ga waɗannan yara sun dawo sun zama malaman makaranta da malaman asibiti da ma'aikatan gona masu albashi, sai lissafin ya juya, masu hali suka fara neman gurbin da dā suke gudu. Wannan darasi ne da zai sake maimaituwa: duk ƙofar da aka ga tana kaiwa ga arziki, wanda ya fi ƙarfi shi ke fara isa bakinta.

5.0 Ƙofofi Biyu: 1976 da 1977

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Gwamnatinsa ta shiga manyan ayyuka, irin su madatsar ruwa ta Tiga da asibitoci da hanyoyi, amma likitoci da injiniyoyin da ke gudanar da su yawancinsu ba 'yan jihar ba ne. Rikicin 1966 ya riga ya nuna hatsarin wannan dogaro, sa'ad da ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka koma gida suka bar guraben aiki. Da Kanar Sani Bello ya karɓi mulkin jihar a 1975, kwamitin da ya duba matsalar ƙarancin ƙwararru ya gano cewa tushenta yana sakandare: makarantun jihar ba sa fitar da isassun ɗalibai masu sakamakon kimiyyar da jami'a ke nema.

A daidai wannan lokaci, a watan Satumba na 1976, Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya zuwa makarantu, aka gina azuzuwa a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, aka kuma ɗauki malamai da yawa waɗanda ba su gama samun horo ba. Ke nan a cikin shekara guda Kano ta buɗe ƙofofi biyu masu saɓanin manufa: ɗaya mai faɗi wadda ke cewa kowa ya shigo, ɗaya kuma ƙarama wadda ke cewa sai wanda ya ci.

Makarantun kimiyya sun fito ne daga ɓangaren masu tsara tattalin arziki, Dokta Ibrahim Ayagi yana cikin kwamishinonin da suka tsaya musu. An ba su hukumar gudanarwa tasu ta dabam, ba a sa su ƙarƙashin ikon Ma'aikatar Ilmi na yau da kullum ba. Wannan ya jawo adawa daga jami'an ilmi da shugabannin makarantu. Hujjarsu ita ce, tsarin zai haifar da 'yan gata, zai kashe kuɗi mai yawa a kan yara kaɗan, zai kuma kwashe wa sauran makarantu ɗaliban da suke taƙama da su. Masu goyon baya kuwa suka ce kayan gwaje-gwaje da malaman kimiyya ba su isa a raba wa kowace makaranta ba, in aka watsa su ko'ina babu inda za su yi tasiri, gara a tara su wuri biyu a sami abin nunawa. Dokar da ta tabbatar da hukumar ta zo a 1982, a zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, wadda ta gina siyasarta a kan 'yancin talaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa batun ya fi ƙarfin a ce masu son talaka suna gefe ɗaya, masu son 'yan gata suna ɗaya gefen. Makarantar kimiyya ta 'yan mata ta farko an buɗe ta a Taura a 1981, shekara huɗu bayan na maza. Taura ta faɗa cikin Jihar Jigawa sa'ad da aka ƙirƙiro ta a 1991.

6.0 Riba da Asara

Babu mai musun cewa makarantun kimiyya sun yi abin da aka kafa su dominsa. Daga 1980, sa'ad da rukunin farko suka gama, sun yi ta tura ɗalibai zuwa sassan likitanci da injiniya da haɗa magunguna na jami'o'i, har wasu jihohin Arewa suka kwaikwayi tsarin. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin shekaru goma na farkon shirin a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a 1988.

Ga ɗan karkarar da ya ci jarrabawar, makarantar ta kasance babbar mai daidaitawa. Makaranta ce ta kwana. Ta raba shi da noman damina da kiwo da tafiyar ƙasa, ta ba shi abinci da fitila da littafi da ɗakin gwaje-gwaje daidai da na ɗan attajirin Fagge ko ɗan ma'aikacin Nasarawa. A cikin ganuwar makarantar, ɗan Kunchi da ɗan birni gado ɗaya suke kwana, malami ɗaya ke koya musu. Iyalai da yawa a ƙauyuka sun sami likitansu na farko ko injiniyansu na farko ta wannan hanya.

Asarar tana wurare biyu. Na farko, a bakin ƙofa. Jarrabawar shiga da Turanci ake yin ta, yaron da ya taso a gidan da ake karanta jarida, ya kuma yi firamare mai ƙwararrun malamai, ya riga ya yi nisa kafin a busa usur. Yaron Makoɗa ko Tsanyawa da ya fara jin Turanci sosai a ajin farko na sakandare yana iya fin kowa kaifin lissafi, amma ya kasa gane abin da tambayar ke nema. Jarrabawa tana auna abin da yaro ya samu ne zuwa ranar da aka yi ta, ba ta iya rarrabe hazaƙa da gata. Abin lura a nan shi ne, wannan ita ce ainihin hujjar da jihohin Arewa suka daɗe suna kafawa a gaban Tarayya wajen neman kason gurabe a kwalejojin Gwamnatin Tarayya da jami'o'i: cewa maki ɗaya ba ya nufin abu ɗaya ga yaran da ba su tashi daga wuri ɗaya ba. In hujjar ta yi daidai tsakanin Legas da Kano, ta yi daidai tsakanin birnin Kano da Bagwai.

Na biyu, a makarantun da aka bari. Ajin da aka cire masa yara uku ko huɗu mafiya ƙwazo ya rasa fiye da yara uku ko huɗu. Ya rasa waɗanda ke yi wa malami tambayar da ke tilasta shi shiri, da waɗanda ke biya wa 'yan'uwansu da yamma, kamar yadda gardi ke biya wa kolo. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to an ɗauke maɗaukin kanwar. Bugu da ƙari, da zarar an san akwai makarantun da aka keɓe wa kimiyya, sai hankalin hukuma ya kwanta game da ɗakunan gwaje-gwajen sauran makarantu, alhali a can mafi yawan yaran jihar suke.

7.0 Rarrabewa a Cikin Makaranta

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiwatarwa a 1982. A bisa ƙa'ida wannan tsari sulhu ne tsakanin ra'ayoyin biyu. Shekaru ukun ƙaramar sakandare na kowa da kowa ne, darussa iri ɗaya, har da na sana'ar hannu. Bayansu ne za a raba hanya: wasu babbar sakandare, wasu kwalejin fasaha, wasu koyon sana'a. Zaɓen shiga makarantun kimiyya shi ma ya koma ƙarshen ƙaramar sakandare. Amma injunan koyar da sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje, da yawa sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da rashin malaman da suka iya su. Reshen sana'a bai yi ƙarfi ba, saboda haka rabon hanya ya koma rabon waɗanda suka wuce da waɗanda suka tsaya.

A cikin babbar sakandare sai wata rarrabewar ta kafu, watau ajin kimiyya da ajin adabi da ajin kasuwanci. A takarda, zaɓi ne bisa sha'awar ɗalibi. A aikace, a makarantu da yawa maki ne ke yanke hukunci: masu sakamako mai kyau su tafi kimiyya, sauran a tura su adabi. Wannan yana da illa ga harshe da al'adu, domin darussan Hausa da Tarihi da Adabi sukan zama rabon waɗanda aka riga aka gaya wa, ko da ba da baki ba, cewa ba su kai ba. Daga cikinsu ne kuwa ake samun da yawa daga malaman da za su koyar da waɗannan darussa gobe.

A ƙananan makarantun jeka-ka-dawo na ƙauye, hoton dabam ne. A nan haɗa ɗalibai tilas ce, domin malamai da azuzuwa ba su isa a raba ba. Wanda ke karanta littafi da kansa da wanda bai gama haɗa baƙi ba suna benci ɗaya, malami ɗaya yana fama da aji mai cunkoso, yana kuma bin manhajar da jarrabawar ƙarshe ta tsara. Abin da yakan faru shi ne ya koyar da 'yan layin gaba, sauran su zama 'yan rakiya. Inda kuma babu malamin Fiziks ko na Kemistiri, duk ɗaliban sun zama 'yan ajin adabi tun kafin a tambaye su. An rarrabe su ke nan bisa garin da aka haife su. Zangon karatu na uku yana faɗowa a farkon damina, lokacin shuka da noman farko, 'yan mata kuma ga talla ga batun aure, saboda haka waɗanda suka fi bukatar aji su ne suka fi rashin zuwa.

8.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gani

Wannan muhawara ba a Kano ta fara ba. Dokar ilmi ta Ingila ta 1944 ta kai ga raba yara a shekara goma sha ɗaya ta hanyar jarrabawa guda, aka tura kaɗan makarantun share fagen jami'a, mafi yawa kuma makarantun gama-gari. Da bincike ya yi ta nuna cewa 'ya'yan ma'aikatan ofis sun fi 'ya'yan leburori cin jarrabawar, sai gwamnati ta nemi ƙananan hukumomi a 1965 su koma makarantun haɗaka. Ƙasar Finlan ta haɗe makarantunta daga 1972 zuwa 1977, ta kuma soke raba aji bisa hazaƙa a 1985, amma ta haɗa wannan da horar da malamai mai zurfi da taimako na musamman ga yaron da ya fara ja da baya. A Amurka, Jeannie Oakes ta nuna a 1985 cewa azuzuwan ƙasa sukan sami darasi mara nauyi da ƙarancin lokacin koyarwa, kuma 'ya'yan talakawa ne suka cika su. Eric Hanushek da Ludger Woessmann sun gwama ƙasashe da dama a 2006, suka ga cewa raba yara da wuri yana faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsu.

Sai dai akwai wani bincike daga Afirka da ya nuna wata fuskar. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun yi gwaji a makarantun firamare 121, suka buga sakamakon a 2011. An ba kowace makaranta ƙarin malami domin a raba ajin farko gida biyu. A kusan rabin makarantun an raba yaran bisa makinsu, a sauran kuma an raba su da ƙuri'a. Bayan shekara ɗaya da rabi, yaran makarantun da aka raba bisa maki sun fi ci gaba, har da na rukunin ƙasa, domin malami ya sami damar koyarwa daidai da inda suke. Amma sharaɗin gwajin shi ne muhimmi: rukunin ƙasa yana makaranta ɗaya da na sama, yana da malaminsa da ajinsa daidai da nasu. Ba a ɗauke kome daga hannunsa ba. Wannan ya fi kama da tsarin allo, inda aka raba darasi ba a raba gata ba, fiye da tsarin Ingila na 1944.

9.0 Kammalawa

Tarihin karkarar Kano ya ga nau'o'in zaɓe iri-iri: na asali a Nasarawa, na tsani a zamanin Midil, na jarrabawa a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da na rashin malami a makarantar ƙauye. Ya kuma ga haɗi iri biyu: na tsangaya, inda kowa ke da allonsa, da na aji mai cunkoso, inda kowa ke da wurin zama amma kaɗan ne ke da darasi. Waɗanda suka kafa makarantun kimiyya a 1977 sun yi gaskiya cewa jiha mai bukatar likitoci ba za ta jira sai kowace makaranta ta gyaru ba. Waɗanda suka yi adawa da su ma sun yi gaskiya cewa wani ne zai biya kuɗin, kuma yaron da aka bari a baya shi ya biya.

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ma'auni uku ga duk wanda zai tsara raba ɗalibai ko haɗa su. Na ɗaya, zaɓen ya zo a makare gwargwadon hali, kuma kada ya zama sau ɗaya tak, domin ɗan ƙauye yakan makara wajen nuna abin da ke kansa. Na biyu, a auna yaro da la'akari da inda ya fito, a keɓe gurabe ga kowace ƙaramar hukuma da kuma 'yan mata, kamar yadda jihar ke nema wa kanta a gaban Tarayya. Na uku, kuma mafi nauyi, kada malamin kirki da ɗakin gwaje-gwaje su bi zaɓaɓɓu su bar sauran da bango da allo.

Gwamnatin Kano ta ayyana ilmi kyauta kuma dole har zuwa sakandare a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Kowane irin shiri ya biyo bayan waɗannan, za a fi gane adalcinsa a ajin adabi na makarantar jeka-ka-dawo da ke Kunchi ko Minjibir, a tsakiyar watan Yuli, in aka ƙirga yara nawa ne suka zo, aka kuma duba ko akwai malami a gabansu. Manomin karkara ya daɗe da sanin cewa in ya zuba takinsa duka a gona ɗaya zai ga dawa mai kyau a wannan gonar, amma rumbunsa ba zai cika ba sai sauran gonakin sun ba da nasu.